Wadda Ka Kai Ganin Bangon Sarauniya

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maryam da jaririnku. Yaya karatu, yaya zaman Alkahira? Ni ma ina nan Guangzhou lafiya, sai gajiyar kasuwar Liwan.

Hotunanka sun iso. Na ga ka kai surukarka, Hajiya Binta, ginin nan da aka yi wa wata sarauniyar Fir'aunoni domin tunawa da ita bayan mutuwarta. Na ganta tsaye gaban bangon da aka sassaƙa jiragen ruwa, ana yi musu lodin turare da itatuwa, kai kuma kana riƙe mata lema.

Na farko, wurin matattun Fir'aunoni ba wurin murmushi ba ne, wurin ɗaukar izina ne. Na biyu, me Hajiya Binta ta sani game da lodin jirgi? Ni ce nake tsayawa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu cikin ruwan sama har a rufe kwantena, ba mai riƙe mini lema. Da ka ga bangon nan, ba uwarka ce ta faɗo maka a rai ba? Kyautata wa suruka alheri ne, amma ba a gabatar da nafila a kan farilla.

Bayan Babbar Salla, ta Masar zan biyo. Ka ajiye lemar nan, kada ka ba kowa.

Ka gaida Maryam, ka gaida surukar taka. Ka sa ni a addu'a. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Hajiya Rabi