Zare a Cikin Ƙamus

Litinin, 5 ga Mayu

Likitan ido ya yanke magana yau. Idon maigidana na hagu ya tafi, na dama saura haske da inuwa, tabarau kuma ba zai ƙara komai ba. Malam ya yi masa godiya kamar wanda aka yi wa kyauta. Ni ce na kasa tashi daga kujera sai da 'yarmu Auta ta kama hannuna. Da muka iso gida, abin da ya fara tambaya shi ne ko an goge ƙurar ƙamus ɗinsa. Mutum ya rasa ido, tambayarsa littafi. Allah Ya shirya mini wannan bawan Allah.

Laraba, 7 ga Mayu

Tun yana tafinta a kotu, tun ina amarya, haka na same shi. In ya gama shayin safe sai ya ɗauko ƙaton ƙamus ɗin Turancin nan, ya rufe ido, ya buɗe duk inda hannu ya kai, ya ɗora yatsa. Kalmar da yatsan ya taka zai faɗi ma'anarta da Hausa, sannan ya duba ko ya dace. Na yi tsiya har na gaji. Na sha ce masa da kalma na ƙosarwa da mun fi kowa ƙiba a layin nan.

Jiya da yau kuwa yana zaune da littafin a cinya, yana shafa bangonsa kawai. Ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun riga, na kasa jurewa. Na ce miƙo nan. Ya ce me zan yi da shi, ni da Turancina ya tsaya a aji shida. Na ce baƙaƙen dai ban manta su ba.

Na rufe ido, na ɗora yatsa, na kira masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Gossamer. Ko numfashi bai ja ba ya ce zaren gizo-gizo ne mai laushi da iska ke ɗauka, ko yadi marar kauri irinsa. Na ce ai na san shegen yadin, allura ma tsoronsa take. Ya yi dariya, ta farko tun Litinin.

Bayanin da ke ƙarƙashin kalmar ƙananan rubutu ne, Turancin ya fi ƙarfina. Na dai ce masa haka ne.

Asabar, 10 ga Mayu

Ladder. Tsani. Ya ce yatsana ba shi da buri.

Talata, 13 ga Mayu

Yau lullaby, wai waƙar rarrashin jariri. Har da cewa shi ya riƙa yi wa Auta tana jinjira. Ƙarya fure take! Mutumin da in yaro ya yi kuka sai ya miƙo mini shi kamar garwashi. Na bar shi da labarinsa, don ya ji daɗin faɗa.

Sau biyu ya tambaye ni ko yau Talata ce. To wanda ba ya ganin kalanda ai dole.

Lahadi, 18 ga Mayu

Raina a ɓace nake rubutun nan.

Auta ta zo da safe daga aikin dare, ko rigar asibitin ba ta cire ba, ta same mu muna yi. Yatsana ya faɗa kan alcove. Malam ya gyara zama ya ce ƙaramin jirgin ruwa ne na masunta. Ni na buɗe baki zan ce haka ne, sai ga yarinyar nan ta latsa waya.

"Baba, ba jirgi ba ne. Lungu ne a jikin bangon ɗaki, irin inda ake sa kanta."

Ya ce ta sake dubawa. Ta karɓi ƙamus ɗin ta karanta masa da bakinta. Ya laluba kofinsa, ya ce shayin ya yi sanyi. Bai yi sanyi ba, ina ganin tururinsa.

A kicin na wanke ta tas. Na ce karatun da ya biya mata ne ta zo ta auna shi da shi? Ta bar ni na gama, idonta ya kawo ruwa, ta ce ba don ta kunyata shi ba ne. Wai ta lura tun bara yana maimaita tambaya, kuma akwai likitan mantuwa a wurin aikinsu, a bari ta kai shi. Na ce ido ne kawai, kar ta ƙara jawo wa ubanta ciwon da ba shi da shi. Ta tafi ba ta ci komai ba. Wannan ma ya tsaya mini a rai.

Litinin, 19 ga Mayu

Bai nemi ƙamus ba. Da na ɗauko, ya ce in mayar.

Alhamis, 22 ga Mayu

Gidan ya yi tsit, sai ƙarar kekena. Yana zaune bakin taga da rediyo a kunne, amma na san ba saurara yake ba, don an yi ta tafka kuskure a labarai bai gyara wa kowa ba. Malam da ko mai talla ya wuce sai ya gyara masa magana! Abinci loma uku ya ture. Na yi masa tsiya a kan hularsa da ya sa a karkace, ya ce to. To kawai.

Tsoro nake ji. A nan dai zan iya faɗa. Idon da ya tafi na haƙura da shi, amma in bakin nan ya rufe ban san da wa zan zauna ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na yi dabara. Da ya kwanta bayan azahar na ɗauki ƙamus na bi shi shafi shafi ina neman kalmomin da ni ma na sani tun firamare. Window, basket, river, irinsu. Duk inda na samu sai in saka guntun zaren ɗinki a tsakanin shafin, can ciki inda ba zai leƙo ba. Wuyana har ya ƙage.

Da yamma na ce masa ni fa na saba, in ba a yi ba shayin ba ya mini daɗi. Ya ce in dai don ni ne, to.

Laraba, 28 ga Mayu

Yana canka kalmar daidai duk safiya. Taga, kwando, kogi. Ina ta yaba shi kamar uwar da ɗanta ya fara tafiya. Shi kuwa yana amsawa ne kamar mai biyan tara. Amma dai yana amsawa.

Juma'a, 30 ga Mayu

Garin neman ƙiba na samo rama.

Na fito daga wanka na same shi da ƙamus a buɗe, yana bin tsakiyar shafuka da yatsa. Ya zare zarurrukan nan kaf, ya naɗe su a ɗan yatsansa, ja da kore da fari. Na manta cewa wanda ido ya bari, hannu ke yi masa gani. Ya miƙo mini ya ce ga kayan aikina, kar in neme su in rasa.

Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

"Uwar Auta, kin mayar da ni ɗan aji ɗaya a gidana."

Na ce tausayi ne ya sa. Ya ce ya sani, shi ya sa abin ya fi ciwo. Sai ya ce in zauna kusa da shi. Wai a kotu in kalma ta shige masa duhu, cewa yake a dakata ya duba, kuma ba alƙalin da ya taɓa raina shi don haka. Rashin sani bai taɓa ba shi kunya ba.

"Abin da ya tsorata ni ran nan, ban yi shakka ba ko kaɗan. Har jirgin nake gani a raina. In kaina zai iya yi mini haka, me kuma yake faɗa mini da ba haka ba?"

Na riƙe hannunsa da zaren a jiki, muka zauna. Daga baya ya ce daga gobe in buɗe inda Allah Ya kai yatsana, kuma in daina cewa haka ne. In karanta bayanin ko da zan kakkarya shi, shi zai ɗora.

Talata, 3 ga Yuni

Yau an sha dariya. Uxorious. Baƙaƙen ma sai da na kira sau biyu. Ya juya ta, ya juya ta, sannan ya ce, "Ban sani ba. Karanta mini." Tunda nake da mutumin nan ban taɓa jin ya faɗi haka da sauƙi ba.

Na shiga bayanin kamar mai tsallaka kwata da dogon zane. Ina kira yana gyara mini, yana fassarawa guntu guntu, har ta fito: namijin da son matarsa ya yi masa yawa, sai abin da ta ce. Na ce au, mijin-ta-ce! Ashe su ma suna da shi har sun raɗa masa suna. Ya yi dariya har da tari, ya ce shekara da shekaru yana fama da ciwo bai san sunansa da Turanci ba. Na ce wa ya ga mijin-ta-ce da ko hula ba ya bari a gyara masa.

Ya sa na kira masa Auta ya faɗa mata kalmar. Na karɓi wayar na ce ta zo ran Asabar, zan rage mata siket ɗin da ta kawo tun watan jiya. Ita ta gane abin da nake nufi.

Asabar, 7 ga Yuni

Ya ci biyu, ya faɗi ɗaya. Auta ce ta karanta bayanin yau, ni ina yi mata gyara. Ni!

Laraba, 11 ga Yuni

Yatsana ya sauka kan spoon. Har na ji haushi, na ce zai ce na koma halina. Na kira baƙaƙen ina jiran tsiya.

Yana juya shayinsa, goshinsa a tattare. Ya ce in sake. Na sake, a hankali.

"Ban sani ba," ya ce. "Karanta mini."

Na karanta. Abin cin abinci ne, mai ɗan kwano a kai da dogon mariƙi. Ya bi ni yana fassarawa har ƙarshe, sai hannunsa ya tsaya a cikin kofin. Ya ɗago cokalin ya shafa shi da babban yatsa, ya ce ashe ma yana hannunsa. Ya yi ɗan murmushi, ya ce kalma ce mai kyau, in riƙe masa ita. Na ce na riƙe.

Da ya shiga ɗaki na kira Auta na ce ta karɓo mana rana wurin likitan nan nata. Don dai ta daina damuna ne. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shayinsa ya huce kafin mu gama, na sake ɗumama masa.