Tsohuwar da Waya Ta Kashe wa Aure

Maigidana na wasa,

Kafin gaisuwa, canki wannan: wace tsohuwa ce ba ta taɓa taka kotu ba, amma kullum sai an raba aurenta sau dubu?

Ina gaishe ka, da babarka, da kakanka sarkin ƙorafi. Ni lafiya lau. Gwiwar ma da sauƙi, sai dai bene hawa huɗu ne, kuma maƙwabta ba sa amsa sallama.

Ka ji abin da kawunka lauya ya yi mini. Na raka shi ofis, wata mai jan baki ta ce, "Mama, ɗan yi murmushi." Na washe mata har wawulona. Ashe tallar ofishinsu suke haɗawa! Na'ura ta motsa mini baki, ta ba ni murya kamar mai karanta labarai. Yanzu duk wanda ya buɗe waya sai ga ni, ina cewa wai lauyoyin nan sun raba ni da mijina cikin sati biyu.

Na ce wa kawun naka, "Kai, aure shekara hamsin!" Ya ce, "Inna, zamani ne, kowane ofis haka yake yi." Zamanin gidansu! Na sa ya goge, amma ta riga ta bazu.

Maza ka je wurin kakanka kafin abokan hirarsa su nuna masa, ka san hawan jininsa. Ka ce masa ina nan daram, ko ya so ko ya ƙi. Allah ya yi maka albarka.

Amsar kuwa, kakarka ce.