A Mota Nake Kwana, Yaya

Zuwa ga yayata Halimatu Sadiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Malam Shitu da yara duka. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Ni ma ina nan lafiya, ina cin abinci, ina fita kasuwa. Na ba Abdulgani takardar ne ya kawo miki don jibi zai tashi daga filin jirgin Baiyun, kuma kin san yadda nake yi a waya yanzu, ki yi ta magana ni kuwa daga to sai haka ne.

Labarin da ya iso miki gaskiya ne, a mota nake kwana. Sai dai ban talauce ba, ba a kuma kore ni ba. Ni da kaina na mayar wa mai gidan da muke haya a unguwar Dengfeng mukullinsa bayan sadakar arba'in ɗin matata Salamatou. Na gwada zama, Yaya. In na dawo daga kasuwar Shahe sai in tsaya a bakin ƙofa, maƙwabta suna wucewa suna gaishe ni, in kasa buɗewa. Motar kuwa ita ta zaɓe ta bara, kafin ciwon ya tashi. Tsohuwa ce, irin wadda ake yi wa ɗaki a baya, da gado da ɗan kicin da bayan gida. Ta ce duk zamanmu a ƙasar nan ba mu san ko'ina ba sai kasuwa da wurin aika kaya, in hutun sabuwar shekarar mutanen nan ya zo za mu fita mu ga duwatsu. Ba mu je ba.

Yanzu babban aikina bayan kasuwa shi ne neman inda zan tsaya. Wuraren zango masu kyau don masu hutun ƙarshen mako aka yi su, mai zaman kullum ba zai iya da tsadarsu ba. Masu araha kuma yawancinsu ba su da iznin saukar da baƙon ƙasa, ga shi dole duk inda na kwana hukuma ta san da ni. Sai in duba a waya, in tuƙa har can, mai gadi ya leƙo ya ga fasfo, ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu. A da irin wannan yakan ɓata min rai. Yanzu godiya nake yi in juya mota. Na dai koyi tambaya tun kafin in tashi, ko akwai inda zan jona wuta da inda zan zubar da tankin bayan gida, domin na taɓa sauka a wani fili bayan masana'anta a Huadu, arha ƙwarai, ashe ko famfo babu, da ruwan roba na riƙa alwala.

Kallamu, yayan Salamatou da ke sayen kaya yana kaiwa Maradi, shi ya samo min inda nake yanzu, gonar wani dattijo a Conghua, arewa da gari. Itatuwan lici ne a gonar, wani ɗan itace mai zaƙi da suke ji da shi a nan. Dattijon ya yi min sauƙi tunda na kama wata-wata, ya kuma raka ni ofishin 'yan sanda aka yi min rajista. Loban yake kirana, wai maigida, ko da ina wanke tukunya ne. Akwai nisa, sai na bar motar na shiga jirgin ƙasa nake isa kasuwa. Ran Juma'a in an idar nakan wuce maƙabarta. Ina yi mata addu'a, in tsaya ina jiran in ji wani abu a raina, in ga shiru, in dawo. Kwanaki guguwa ta taso da rana tsaka, reshe ya faɗo ya fasa gilashin gefe. Matar dattijon ta zo a guje tana buga ƙofa wai in shigo gidansu. Ta same ni zaune ina cin shinkafa, ruwa na zuba a kan kujera. Ban ji tsoro ba, ban kuma ga dalilin tashi ba. An dai gyara gilashin.

In lici ya nuna gonar za ta cika da 'yan yawon buɗe ido, dole in matsa. Na riga na nemi wani wuri can Nansha kusa da teku, sun ce suna karɓar baƙi, zan je in gani da idona. Na ji saƙonki cewa in sayar da motar in dawo gida, ko ki turo Ma'azu ya taho da ni. Kada ki wahalar da shi. Ba fushi nake da kowa ba, amma in na zo Kano yanzu, mutumin da za ku tarba a filin jirgi ba zai amfane ku da komai ba.

Sai maganar 'yata Saffana. Ranar da kika miƙa mata wayar ta tambaye ni ko motar tana da wurin kwananta, ni kuwa na ce layi ba kyau na kashe. Layin lafiyarsa ƙalau, amsa ce ban samu ba. Akwai wani ɗan gado a sama da kujerar direba, kwalaye ne a kai. Jiya na sauke su, na share, na shimfiɗa zane, na auna da hannu. Zai ɗauke ta, har da saura.

Ki gaida Inna, ki ce ta ci gaba da yi min addu'a. Ki gaida Malam Shitu, da Jumai, da Saude da mijinta, da Ma'azu. Saffana kuwa ki ce mata babanta ya ce akwai gadonta. In ta tambayi yaushe, ki ce ban faɗa ba tukuna.

Ƙaninki,
Sabiru