Azarar da Na Hana a Taɓa

Zuwa ga Izzuddeen, habibina, sanyin idona, ruwan randata a tsakar rani, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take. Gaisuwa mai yawa daga bakin kogin da ya kusa cinye garinmu.

Saƙonka ya iso daga Wadi Halfa, na karanta har takardar ta yi laushi. Ka ce tsakanin filin jirgin Halfa da na Dongola kilomita ɗari uku ne ta sama, jirgi na gama su kafin shayi ya huce, mota kuwa sai ta yini tana cin hamada. Ka ce shugaban aikinku ya yi maka alkawarin kujera a jirgin kamfani, ita kake jira. Madalla da lissafi, malamin tafiya! Amma gaya mini, jirgin da bai kai awa guda a sama ba, yaya aka yi ya cinye mana wata biyu a ƙasa?

Ka tuna yammacin da muke tsinkar kuɓewa a lambun bakin ruwa, jirgin sama ya gifta zuwa Damazin? Ka saki kwando kana ɗaga kai, ka rantse wata rana sai ka hau. Na yi maka dariya har na zauna a laka. Da na san wannan rantsuwar za ta tsaya tsakanina da kai, da ban yi dariyar ba.

Lambun nan yanzu babu shi, ya rabin raina. Tun da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawo, ruwa ke hawowa kullum ba ya komawa. Ya sha lambun, ya sha hanyar kasuwa, jiya ya taɓa gindin tsamiyar masallaci. Kowa na kwance rufin ɗakinsa, lorori na kwashe mu zuwa sabon gari. Mahadi na yayata Dije ya baro noma a Abu Na'ama ya zo ya yi wa surukansa aiki, Baba yana kallo. Da aka idar da sallah Baba ya faɗa a gaban mutane cewa wanda kafaɗarsa ba ta ɗauki azarar gidan nan ba, ba zai ɗauki 'ya daga cikinsa ba. Ka san Baba, ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta.

Tsoro nake ji, Izzuddeen, tsoro ƙwarai. An sauke rufin kowa sai na ɗakina. Na ce kaina ke ciwo, na ce rana ke damuna, ƙaryata ta kusa ƙarewa, Inna ma ta fara kallona ta gefen ido. Wace dabara ta rage mini? Da me zan tare kogi?

Don Allah ka bar jirgin nan ya yi ta zamansa. Hau mota, hau bayan lorin dabino, zo da ƙura har gira, ni a haka nake son ka. Daga Dongola ka miƙe Khartoum, kada ka kwana a Sinja.

Azara ɗaya ce a tsakiyar ɗakina, mai nauyi, na hana kowa taɓa ta. Ko ruwa ya iso bakin ƙofa, a ƙarƙashinta za ka same ni.

Taka, ba ta wani ba, har numfashina na ƙarshe,
Zahra'u