Su Ne Maza, Hajo?

Zuwa ga Hajo a Agadas,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai har yau iyaka a rufe. Muna kwana ƙarƙashin mota a Jibiya, goron da na ɗauko ya fara lalacewa.

Ƙanenki Shamsu ya ce kin ga a talabijin Turawan da za su zagayo duniyar wata a kumbo, har kina cewa su ne maza. Su ne maza, Hajo? Nan direbobi na ta musu, wai ɓarnar dukiya ce. Ba ruwana da dukiyarsu. Akwai kwastan a sama? Wa ya tare musu hanya?

Ki aiko min da bargo. Allah ya raya yara. A ɗage min sandar shingen iyakar nan kawai, ki ga wanda zai riga wani isa gida, ni ko su.

Mijinki,
Zunnuraini