Ruwan da Aka Zuba wa Garwashin Yantra

Gabrovo, ƙarshen kaka

Zuwa ga yayana Yavor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Denitsa da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya tsare ka a kan dogayen hanyoyin da kake jan babbar mota a kansu. Mu ma mun gode Allah. Mama tana nan, ƙafa ta yi nauyi, hannu yana rawa, amma bakin nan nata ko gezau. Matata Rositsa ta gama gasa tattasan bana, ta cika kwalabe kamar za mu ciyar da barikin soja. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na gwada, amma da na ji muryarka sai in ɓige da zancen sanyi da tsadar mai. Maganar ƙungiyar kiɗanmu ce, Garwashin Yantra, mai sunan kogin garinmu, da alkawarin da ka ɗora mini.

Ba ka manta jajibirin tafiyarka Chicago ba, a garejin Baba, da ka dafa kafaɗata ka ce muddin ina kan dandamali da babbar jitata, to kai ma ba ka fita ba. Na amsa da sauri, don lokacin gashina har gadon baya kuma ban san akwai abin da ake kira gajiya ba. Mu biyar muka fara, a zauren masaƙar garinmu, da amsa-kuwwar da muka harhaɗa daga tsofaffin rediyoyi. Kai ka fara tafiya. Mai fiyano ya bi jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa, yana yi wa tsofaffi kiɗan cin abinci. Strahil mai ganga ya kurmance, yanzu kiwon zuma yake a ƙauyensu, ya ce ƙudan zuma sun fi mu iya riƙe amo ɗaya. Momchil kuma ka sani, Allah ya jiƙansa, ni na ɗauki jitarsa a bayan makara. Na rage ni kaɗai, kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa.

Mawaƙan da suka tsaya a gurbinka kuwa, na daina ƙirgawa. Akwai wanda muryarsa ta fi taka tsayi amma giya ta fi shi tsayi. Akwai wanda ya ce waƙoƙinmu sun cika taushi, a rage daɗin murya a ƙara ihu, na ce masa idan ihu yake so ya je filin ƙwallo. Kowane sabo sai na zaunar da shi na koya masa tun daga farko: inda ake sassauta ganga, inda jita ke kuka, inda ake yin shiru a bar jama'a su amsa. Da ya iya sai ya sami mata ko aiki a waje. Na gaji da koyarwa, Yaya, na gaji da bankwana. Na yanzu dai mutanen kirki ne. Kalina ce ke waƙa, malamar makaranta ce, kuma ba zan ɓoye maka ba, tana kaiwa can saman da kai kanka kake gujewa idan ka sha sanyi. Tihomir ke riƙe da jita. Dukansu Kawu suke ce mini, har a kan dandamali.

Abin da ban faɗa maka ba shi ne hannuna na hagu. Sanyin ƙashi ya kama yatsun, da safe sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin su miƙe. A bikin gari na Sevlievo, cikin waƙar nan taka ta jirgin ƙasa, ƙaramin yatsana ya ƙi sauka inda na aike shi. Jama'a ba su lura ba, amma na ga Tihomir ya waiga, ya yi sauri ya mai da kansa. Wannan kau da kan ya fi mini zagi ciwo. Bayan mun sauka ya ce, "Kawu, yau ka ƙirƙiro sabon salo ke nan?" Na ce masa salon ya girme shi, lokacin da ake yin sa yana cikin zanen goyo. Muka yi dariya, amma jiki magayi.

Ana nan sai ga gayyata daga wani babban taron kiɗa a Jamus, irin wanda ni da kai muka yi mafarkinsa muna sauraron kaset a ɓoye. Ta zo, amma bayan gashi ya zube. Yaran suka ce tafiyar da nisa, gara a ɗauki direba na biyu, wani abokinsu Asen, magidanci mai gyaran famfo. Na ce to. Ranar tafiya da safe bas ta tsaya a ƙofar gidanmu kamar kullum, sai ga direban nan ya sauko da doguwar jaka a kafaɗa. Na tambaye shi ko a Jamus da jita ake tuƙi. Ya sunkuyar da kai. Kalina ta ja ni gefe ta ce, "Kawu, wallahi ba korarka muke ba. Ko da hannun zai gaza ne a tsakiya, kada ka ji kunya a gaban mutane." Na ce mata na ji. Na saka jitata a bas, na zaɓi kujerar gaba, don in nuna musu har yanzu akwai mai gida.

Ka san ba a taɓa tayar da mota daga ƙofar nan ba sai Mama ta fito da tukunyarta ta tagulla ta watsa ruwa a gaban tayoyi, don tafiya ta gudana kamar ruwa. Tun muna zuwa wasa a akori-kurar masaƙa take yi, kuma kullum rabin tukunya, ta ce sauran na furanninta ne, ita 'yar Gabrovo ce, garin masu tsimi, ba 'yar asara ba. Ran nan Rositsa ta cika mata tukunyar kafin ta wuce aiki, ta ajiye a bakin ƙofa. Mama ta fito da sandarta, ta sunkuya, ta kama marikin. Tukunya ta ƙi tashi. Ta sake gwadawa, ruwan ya fantsalo mata a silifa. Muna tsaye muna kallo, kowa ya rasa inda zai sa idonsa.

Kalina ta ruga za ta karɓa, Mama ta doke hannunta. Ta ce, "Ke wace irin malama ce? Mai tafiya ba ya zuba wa kansa ruwa. Wanda zai zauna a gida shi ke zubawa." Tihomir ya ce a bar shi kawai, Kaka, titin Jamus a wanke yake. Ta harare shi ta ce sau ɗaya tak wani ya fita daga gidan nan a bushe, ya sulale da sassafe don kada ya ga kukanta, ga shi har yau bai dawo ba. Kai take nufi, Yaya, kuma ba a cikin fushi ta faɗa ba. Unguwar shiru, maƙwabta duk sun tafi aiki. Babu wani mai zama a gida sai ita, kuma hannunta ya ƙi.

Na dubi hannunta, na dubi nawa, na ga ba su da wani bambanci. Na sauko daga kujerar gaba. Na ce wa Asen ya bar tasa jakar a baya, ya ɗauki tawa, ta fi sanin waƙoƙin, sai dai ya kula da tsirkiya ta uku, tana da taurin kai. Kalina ta fara hawaye, na ce ta adana muryarta. Sannan na ɗaga tukunyar da hannu biyu na watsa a gaban bas, duka, har ɗigon ƙarshe. Mama ta ce, "Duka? Kai anya a garin nan na haife ka?" Suka bi ta kan ruwan suka tafi, tayoyin suka bar layi biyu har kwanar gidan burodi. Na tsaya da tukunya a hannu har layin ya bushe, Mama ta ce in shigo, banitsa, wainar cukun nan tata, tana hucewa.

Sun yi wasan, an ce jama'a sun amsa waƙarka ta jirgin ƙasa ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Kalina ta turo mini hoton motsi, ban buɗe ba tukuna. Sun tambaya ko su canza suna tunda babu ko ɗaya daga cikinmu na farko, na ce su riƙe, garwashi ba ya tambayar wa ya hura shi. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Ba na jin haushin kowa. Gajiya ce kawai, da wani irin sauƙi da nake jin kunyarsa. Ka ce muddin ina ciki kana ciki. To, Yaya, na riƙe mana wurin iya ƙarfina, yanzu mun fita tare, ka yafe mini ban nemi izininka ba.

Ka gai da Denitsa, ka gai da Boril da ƙaramar Yoana, ka ce mata kawunta ya ga hotonta da goge, ta daure. Rositsa tana gaishe ku, Strahil ya ba da zuma a ajiye maka. Mama ta ce in rubuta maka cewa duk ranar da za ka taso, ka sa Denitsa ta zuba ruwa a gaban motar da za ta kai ka filin jirgi, ko da a kofin roba ne. Ruwan komawarka kuma kada ka damu, yanzu gidan nan yana da mai zubawa.

Ƙaninka,
Zahari