Gudale ta mutu

Laraba, bayan Isha'i

Gudale ta mutu da asuba. Da na isa gonar makaranta can wajen Dundaye, na tarar da ita kwance, ciki a kumbure. Malam Buba mai kiwonta ya ce, "Ko yanka ba mu samu yi ba, Zulai. Mushe ta tahi."

Tun da na fara wannan bincike, ita kaɗai ce saniyar da aka yi wa ƙofa a kwiɓi. Ta nan nake zura hannu in ɗebo ruwan tumbi, in ga irin furotin da ƙananan halittun cikinta ke yi. Na gama na ciyawar damina, saura na harawar rani. Ba kuwa a gwada rabin saniya da rabin wata saniyar.

Na kira Farfesa mai duba bincikena. Ya yi salati, sannan ya ce, "Tumbin da sauran ɗumi? Ɗebi na ƙarshe."

Na ɗiba. Hannuna ya shige har kafaɗa kamar kullum, sai dai yau ba abin da ya motsa ya matse ni. Na jira kuka ya zo, bai zo ba.

A gida Inna ta ce, "Mi as same ki, ɗiyata?" Na ce gajiya ce. Ta ajiye min farfesun kayan ciki. Na cinye tas, har tumbin, ban ji ko da gishiri ba.

Gobe Malam Buba na son a gaya masa inda za a binne ta. Wai ni zan zaɓa.